Liƙin bututun jan ƙarfe

Liƙin bututun jan ƙarfe hanya ce ta haɗa bututun ruwa na jan ƙarfe da mahaɗansu ta narkar da wani ƙarfe mai saurin narkewa a tsakaninsu. Ana zura bakin bututu a cikin mahaɗi, a gasa wurin da wuta, sannan a ɗora ƙarfen liƙi ya narke ya shige siririyar kafar da ke tsakanin su biyun. Idan ya huce sai ya daskare ya toshe kafar, ruwa ba zai yoyo ba. Bututun kansa ba ya narkewa, domin jan ƙarfe sai zafi ya kai kimanin digiri 1,085 a ma'aunin Celsius kafin ya narke, alhali ƙarfen liƙin da ake aikin famfo da shi yana narkewa ne tun daga wajen digiri 220.

Tun daga shekarun 1930 wannan hanya ta zama ruwan dare wajen jan ruwan sanyi da na zafi a gidajen Amurka, Kanada, Birtaniya da ƙasashen Turai da dama. A Najeriya da Nijar an fi jan ruwan gida da bututun roba irin su PVC da PPR, bututun jan ƙarfe kuma an fi ganinsa a firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Liƙin da aka yi shi daidai yana kai shekaru gommai ba a taɓa shi ba. Wanda aka yi shi da ganganci kuwa yana jawo yoyo a cikin bango, ko gobara lokacin aiki, ko shigar gubar dalma cikin ruwan sha.

## Suna da bambancinsa da walda

A walda ana narkar da bakin ƙarafan da ake son haɗawa su zama abu ɗaya. A liƙi kuwa ƙarfe na uku ne yake narkewa, ƙarafan biyu suna nan yadda suke. Masana sun raba liƙi gida biyu bisa zafin da ƙarfen liƙin yake narkewa. Idan ƙasa da 450 °C ne, ana kiransa liƙi mai taushi, shi ne ake yi wa yawancin bututun ruwa na gida. Idan ya haura 450 °C, liƙi mai tauri ke nan, wanda ake yi da sandunan jan ƙarfe da fosforas ko masu azurfa, kuma shi ake yi wa bututun firiji da na na'urar sanyaya ɗaki.

A Hausa ana kiran ƙarfen liƙi da sunan dalma ko darma, saboda da daɗewa dalma ce babban abin da ake haɗa shi da ita. Tsohon sunansa a wurin maƙera shi ne sinadari. Wannan haɗuwar suna tana da haɗari a aikin famfo, domin wayar dalma da masu gyaran rediyo da wayar hannu ke amfani da ita sau da yawa tana ɗauke da dalma ta gaske, kuma ba ta dace da bututun ruwan sha ba.

## Tarihi

Amfani da jan ƙarfe wajen bi da ruwa tsohon abu ne. A Abusir ta ƙasar Masar an tono ragowar bututun jan ƙarfe na magudanar ruwa a haikalin dalar Fir'auna Sahure, wanda ya yi mulki kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Romawa kuwa sun fi amfani da bututun dalma. Daga sunan dalma a Latin, wato *plumbum*, aka samo alamarta ta kimiyya, Pb, da kuma sunan mai aikin famfo a Turanci da Faransanci. Masanin gine-gine Vitruvius ya rubuta cewa ruwan bututun yumɓu ya fi na bututun dalma lafiya. Pliny Babba kuma ya ambaci haɗin dalma kashi biyu da kuza kashi ɗaya da ake liƙe bututu da shi.

Har zuwa farkon ƙarni na 20, bututun dalma da na baƙin ƙarfe mai rufin tutiya su ne suka fi yawa a gidaje. Bututun jan ƙarfe na lokacin yana da kauri da tsada, saboda sai an yanka masa zare a baki kafin a ɗaura shi. Da aka fara ƙera mahaɗai masu santsin ciki waɗanda ake liƙawa, sai buƙatar zare ta kau, aka samu damar yin bututu mai siririn jiki, mara nauyi kuma mai sauƙin kuɗi. Kamfanin Mueller Brass na garin Port Huron a jihar Michigan ya fito da mahaɗansa masu suna Streamline a 1930. A Ingila, cikin shekarun 1930 ɗin, aka fito da mahaɗan Yorkshire, waɗanda ke zuwa da zoben ƙarfen liƙi a cikinsu tun daga masana'anta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka shiga gina gidaje da yawa a Amurka da Turai, jan ƙarfe ya maye gurbin dalma da baƙin ƙarfe a cikin gidaje. Daga ƙarshen ƙarni na 20 bututun roba, musamman PEX, ya fara karɓe kasuwar sababbin gidaje a ƙasashe da dama.

## Yadda liƙin yake kamawa

Abubuwa uku ne suke sa liƙi ya kama.

Na farko shi ne jan ruwa ta siririyar kafa. Kamar yadda lagwani yake jan kananzir sama, haka kafar da ke tsakanin bututu da mahaɗi take jan narkakken ƙarfe zuwa ciki, ko da bakin mahaɗin yana kallon ƙasa. Wannan yana yiwuwa ne idan kafar ta yi ƙanƙanta sosai, kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita. Idan kafar ta yi faɗi, saboda bututu ya lanƙwashe ko an goge shi fiye da kima, ƙarfin jan yana raguwa, sai a samu gurbi a ciki.

Na biyu shi ne tsabtar fuskar ƙarfen. Jan ƙarfe yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi siririn ɓawo mai duhu, kuma zafi yana hanzarta hakan. Narkakken ƙarfen liƙi ba ya malala a kan wannan ɓawo, sai dai ya dunƙule ya gangare. Shi ya sa ake goge wurin har ya yi ƙyalli, sannan a shafa man liƙi don ya cinye ragowar ɓawon ya kuma tare iska lokacin gashi.

Na uku shi ne haɗuwar kuza da jan ƙarfe. A inda suka haɗu suna samar da siraran shimfiɗu guda biyu waɗanda masana ke rubutawa Cu6Sn5 da Cu3Sn. Su ne suke riƙe ƙarfen liƙi a jikin bututu. Ƙarfen liƙin shi kansa ba shi da ƙarfi kamar jan ƙarfe, amma tsawon wurin da bututu ya shiga cikin mahaɗi yana ba shi faɗin da zai jure matsin ruwan gida.

## Kayan aiki

### Bututu

Bututun ruwa ana yin sa ne da jan ƙarfe mai tsabtar aƙalla kashi 99.9 cikin 100, da ɗan fosforas kaɗan. A Amurka ƙa'idar ASTM B88 ta raba shi bisa kaurin jiki, kuma kowane iri yana da launin rubutun da ake buga masa:

- Nau'in K, mai koren rubutu, shi ya fi kauri, ana binne shi a ƙasa daga babban layi zuwa gida.
- Nau'in L, mai shuɗin rubutu, matsakaici ne, ana amfani da shi a cikin gidaje da manyan gine-gine.
- Nau'in M, mai jan rubutu, shi ya fi siranta, ana amfani da shi a cikin gida inda doka ta yarda.

A bututun da ake kira na rabin inci, kaurin jikin K kusan milimita 1.24 ne, na L 1.02, na M kuma 0.71. Faɗin bayansa inci 5/8 ne, domin a tsarin Amurka faɗin baya yana ɗara sunan bututun da inci 1/8. Akwai kuma nau'in DWV mai rawayan rubutu, na magudanar ƙazamin ruwa, wanda ba a saka shi a layin da ke da matsi. A Turai ƙa'idar EN 1057 ce ke aiki, ana kiran bututu da faɗin bayansa, kamar milimita 15, 22 da 28. Bututun Turai da na Amurka ba sa shiga mahaɗan juna daidai. Bututu yana zuwa ko dai mai tauri a miƙe, ko mai taushi a naɗe.

### Mahaɗai

Akwai mahaɗi miƙaƙƙe na haɗa bututu biyu, da gwiwa ta juya hanya, da mai baki uku na raba layi, da mai rage faɗi, da murfin toshe baki, da mai zare a gefe ɗaya na ɗaura kan famfo ko bawul. Wasu da jan ƙarfe ake yin su, wasu da tagulla. Na tagulla sun fi kauri, don haka sun fi daɗewa kafin su yi zafi. A Birtaniya ana bambanta mahaɗin da ake ɗura masa ƙarfen liƙi daga baki da wanda ke da zoben liƙi a ciki, wanda gashi kawai yake buƙata.

### Ƙarfen liƙi

Yana zuwa ne a matsayin waya mai kaurin kimanin milimita 3, a naɗe. Kuza, wanda ke narkewa a 232 °C, shi ne ginshiƙinsa. Waɗanda aka fi sani su ne:

- Kuza 50 da dalma 50: yana fara narkewa a 183 °C ya gama wajen 215 °C. Shi aka fi amfani da shi a da, amma an haramta shi a bututun ruwan sha.
- Kuza 95 da antimoni 5: yana narkewa tsakanin kimanin 232 da 240 °C. Tazarar narkewarsa kaɗan ce, don haka yana buƙatar gwanin hannu.
- Kuza 97 da jan ƙarfe 3: yana fara narkewa a 227 °C, kuma ya yaɗu a Turai.
- Kuza da ɗan azurfa: haɗin azurfa kashi 3.5 yana narkewa a 221 °C. Yana malala da kyau amma ya fi tsada.

Ƙa'idar ASTM B32 da ISO 9453 su ne suka fayyace waɗannan haɗe-haɗe.

### Man liƙi

Man liƙi wani abu ne mai kauri kamar man shafawa. Yawancinsa yana ɗauke da kuloraid na tutiya ko na amoniyam. Akwai wanda aka kwaɓa da man jeli, akwai wanda ruwa ke wankewa. Na biyun ne ƙa'idar ASTM B813 ta tanada, kuma dokokin gini da yawa shi suke so a layin ruwan sha. Wani nau'in yana da garin ƙarfen liƙi a ciki, wanda ke taimakawa a manyan bututu. Man liƙin famfo yana cin ƙarfe, saboda haka ba a amfani da shi a kayan lantarki. Na kayan lantarki kuma, wanda ake yi da ƙaron itace, ba shi da ƙarfin da zai tsabtace bututu.

### Wuta da sauran kaya

Ana gashi da fitilar gas ta hannu, wadda ke aiki da gas na furofen ko butan. Harshen wutar furofen a iska yana kusan 2,000 °C, wato ya ninka zafin da ake buƙata sau da yawa. Akwai kuma gas mai suna MAPP wanda aka daina yin na asalinsa a 2008, abin da ake sayarwa da irin wannan suna yanzu galibinsa furofilin ne. A inda ba a son harshen wuta ana amfani da wani abin matsi na lantarki mai kama da filaya wanda ke zafafa mahaɗin.

Sauran kayan sun haɗa da abin yankan bututu mai ƙafar wuƙa, zarton ƙarfe, abin kankare baki ko magagari, samfefa, burushin waya na cikin mahaɗi, ɗan burushin shafa mai, tsumma, tabarmar tare wuta, tabarau, safar hannu da tukunyar kashe gobara.

## Matakan aiki

Ƙa'idar ASTM B828 ta tsara matakan aikin, kuma a taƙaice ga yadda suke:

1. Awo da yanka. Ana auna bututu ta yadda zai shiga har ƙarshen mahaɗi. Yankan ya zama miƙaƙƙe, ba karkatacce ba.
2. Kankare baki. Abin yanka yana barin ɗan kaifi a cikin bakin bututu. Ana kankare shi, a karkaɗe ɓarɓashin.
3. Gogewa. Ana goge bayan bututu da samfefa, cikin mahaɗi kuma da burushin waya, har su yi ƙyalli. Bayan nan ba a taɓa wurin da hannu, domin maiƙon fata yana hana liƙi kamawa.
4. Shafa mai. Ana shafa man liƙi siriri da burushi nan take bayan gogewa, daidai tsawon da zai shiga mahaɗi.
5. Haɗawa. Ana tura bututu har ƙarshe, a ɗan murɗa shi don man ya bazu, a share wanda ya fito, a tallafe bututun kada ya motsa.
6. Gashi. Ana fara ɗumama bututu kusa da mahaɗi, sannan a mayar da wutar kan mahaɗin, ana zagayawa da ita don zafi ya game ko'ina.
7. Ɗora ƙarfen liƙi. Ana taɓa bakin mahaɗi da wayar a gefen da wuta ba ta bugawa. Zafin ƙarfen ne ya kamata ya narkar da ita, ba harshen wuta ba. Idan ta fara narkewa sai a janye wutar zuwa gindin mahaɗi, domin narkakken ƙarfe yana bin zafi. A bututun da ke kwance ana farawa daga ƙasa a hau sama. Masu sana'ar kan ƙiyasta tsawon wayar da faɗin bututun, wato rabin inci na waya ga bututun rabin inci.
8. Hucewa da sharewa. Ana barin wurin ya huce da kansa ba tare da motsa shi ba. Watsa masa ruwa tun yana da zafi sosai na iya tsaga liƙin. Bayan ya huce sai a share ragowar mai da jiƙaƙƙen tsumma.
9. Gwaji da wanki. Ana cika layin da ruwa a gwada shi da matsi kafin a rufe bango. A Birtaniya ana gwada bututun ƙarfe da matsin da ya ninka na aiki sau ɗaya da rabi. Daga nan a bar ruwa ya gudana ya wanke cikin layin.

Idan mahaɗi yana da baki fiye da ɗaya, an fi so a liƙe su duka a gashi ɗaya, don kada zafin na baya ya narkar da na farko. Idan akwai tsohon liƙi a kusa, ana naɗa masa jiƙaƙƙen tsumma. Bawul mai roba a ciki kuwa ana cire cikinsa kafin gashi, ko a bi umarnin kamfanin da ya ƙera shi.

## Matsaloli da dalilansu

Ruwa a cikin bututu. Wannan ita ce matsalar da aka fi samu a aikin gyara. Ruwa yana tafasa a 100 °C, kuma muddin yana wurin zai riƙa kwashe zafin, bututun ba zai kai zafin narkar da liƙi ba. Tururin da ke fita kuma yana huda liƙin. Ana rufe ruwa daga babban bawul, a buɗe kan famfo na sama da na ƙasa don layin ya tsiyaye. Idan ɗigo bai tsaya ba, wasu kan cusa tsakiyar burodi a cikin bututu ya tare ruwan na ɗan lokaci, daga baya ruwa ya narkar da shi. Akwai kuma matoshai na musamman da na'urar daskarar da ruwa a cikin bututu. Dole a bar wani baki a buɗe don iska mai zafi ta samu mafita.

Zafi fiye da kima. Idan wuta ta daɗe, man liƙi yana ƙonewa, jan ƙarfen ya yi baƙi, wayar ta riƙa dunƙulewa tana ɗiga. Ƙara waya ba ya gyara wannan, sai an kwance an sake gogewa.

Ƙarancin zafi. Liƙin yana tsayawa a baki bai shiga ciki ba. Daga waje yana iya yin kyau, ya kuma riƙe ruwa na wani lokaci, sannan ya fara yoyo.

Yawan man liƙi. Wanda ya shige cikin bututu yana iya cin jikinsa ya haifar da ƙananan huji, musamman a layin ruwan sanyi inda ba ya saurin wankuwa. Wanda aka bari a waje kuma yana barin koren tabo.

Rashin kankare baki. Kaifin da aka bari yana hargitsa gudun ruwa, a hankali ruwan ya zaizaye jikin bututu a gaba da mahaɗin. Gudun ruwa mai yawa ma yana yin haka. Shi ya sa a Amurka ake ba da shawarar kada ya wuce kimanin mita 2.4 a daƙiƙa a ruwan sanyi, da mita 1.5 a ruwan zafi.

Haɗa jan ƙarfe da baƙin ƙarfe kai tsaye. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a cikin ruwa, ɗaya yana cin ɗaya, kuma baƙin ƙarfe mai rufin tutiya ne ke ciwuwa. Ana raba su da mahaɗi mai roba a tsakiya ko guntun tagulla.

Miƙewa saboda zafi. Bututu mai tsawon mita 10 yana ƙaruwa da kusan milimita 8 idan zafinsa ya hau da digiri 50. Idan aka ɗaure shi tamau babu wurin motsi, nauyin yana komawa kan mahaɗai.

Irin ruwan. Ruwa mai tsami, wanda ma'aunin pH ɗinsa ya gaza 6.5, yana narkar da jan ƙarfe a hankali, ya bar shuɗin tabo mai kore a kwanon wanki da bahon wanka.

Liƙin da ya yi yoyo ba a gyara shi da ɗora sabuwar waya a kai. Ana tsiyaye ruwan, a gasa a zare mahaɗin, a goge bututun, yawanci kuma a sa sabon mahaɗi.

## Gubar dalma da dokoki

Dalma guba ce da ke taruwa a jiki. Ta fi illa ga ƙananan yara da 'yan tayi, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, tana rage kaifin fahimta. A manya tana da alaƙa da hawan jini da ciwon ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa. Ruwan da ya kwana a cikin bututu mai liƙin dalma yana iya ɗaukarta, musamman idan ruwan mai zafi ne ko mai tsami, ko liƙin sabo ne. Ba a ganinta a ruwa, ba a jin ɗanɗanonta, kuma tafasa ruwa ba ya cire ta.

A Amurka, gyaran da aka yi wa dokar tsabtar ruwan sha a 1986 ya haramta ƙarfen liƙi da man liƙi masu dalma fiye da kashi 0.2 cikin 100 a layin ruwan sha. Wata doka ta 2011, wadda ta fara aiki a Janairun 2014, ta rage dalmar da aka yarda da ita a bututu da mahaɗai da kawunan famfo daga kashi 8 zuwa kashi 0.25 cikin 100 a fuskar da ruwa ke taɓawa. Birtaniya ma ta hana liƙin dalma a layin ruwan sha tun 1987, ko da yake ana samunsa a kasuwa don wasu ayyuka, abin da ke sa wasu su yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne maikirogiram 10 na dalma da miligiram 2 na jan ƙarfe a kowace lita. Dokar ruwan sha ta Tarayyar Turai ta 2020 ta tanadi rage na dalma zuwa maikirogiram 5 nan da 2036.

Gidajen da aka gina kafin waɗannan dokoki suna iya ƙunsar tsohon liƙi. Abin da ya faru a birnin Flint na jihar Michigan daga 2014, lokacin da aka sauya inda ake ɗebo ruwa ba tare da zuba maganin hana cin bututu ba, ya nuna yadda sauyin ruwa kaɗai ke iya sakin dalma daga tsofaffin bututu da kayan famfo. Hukumomin lafiya suna ba mazauna irin waɗannan gidaje shawarar su bar ruwan da ya kwana ya zube kafin su ɗiba, su yi girki da haɗa madarar jarirai da ruwan layin sanyi kawai, su kuma kai ruwan a gwada.

## Kariya lokacin aiki

Gobara ita ce babban haɗarin wannan aiki, domin bututu kan bi ta jikin katako, silin da kayan tare zafi. Tartsatsi na iya shiga bayan bango ya yi ta ci a ɓoye, wutar ba za ta bayyana ba sai ma'aikaci ya tafi. Sau da yawa kuma ruwan gidan a rufe yake a daidai lokacin. Saboda haka ana sa tabarmar tare wuta, a kawar da abin da ke kamawa, a ajiye bokitin ruwa da tukunyar kashe gobara, a kuma ci gaba da lura da wurin na rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya bayan an kashe fitila.

Hayaƙin man liƙi yana damun ido da maƙogwaro, don haka ana buƙatar iska ta riƙa shiga. Narkakken ƙarfe yana ɗiga, musamman a aikin sama da kai, shi ya sa ake sa tabarau da riga mai dogon hannu. A wasu gidaje bututun ruwa yana haɗe da wayar ƙasa ta lantarki, yanke shi ba tare da an haɗa ɓangarorin biyu da waya ba na iya sa wuta ta ja mutum. Ba a kusantar bututun gas ko tankin mai da harshen wuta.

## Inda liƙi mai taushi bai dace ba

Ƙarfin liƙi mai taushi yana raguwa idan zafi ya ƙaru. Saboda haka bututun firiji da na'urar sanyaya ɗaki da na iskar asibiti liƙi mai tauri ake yi musu, sau da yawa ana hura iskar naitirojin a ciki don kada ɓawo ya taru. Dokokin gini da yawa ma suna buƙatar liƙi mai tauri ga mahaɗin da za a binne a ƙarƙashin daɓen siminti. Game da bututun gas na girki dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka ba a yarda da liƙi mai taushi ba. A ɗaya ɓangaren, zafin liƙi mai tauri yana tausasa jan ƙarfe, kuma a Jamus ƙa'ida ta hana yin sa a bututun ruwan sha da faɗinsa bai wuce milimita 28 ba, saboda yana ƙara yiwuwar huji.

## Wasu hanyoyin haɗa bututun jan ƙarfe

- Mahaɗin matsi da noti: ana ɗaure noti ya matse zoben tagulla a jikin bututu. Ba ya buƙatar wuta kuma ana iya kwance shi.
- Mahaɗin buɗaɗɗen baki: ana faɗaɗa bakin bututu mai taushi kamar mazurari a ɗaure shi da noti. An fi yin sa a na'urar sanyaya ɗaki da layin gas.
- Mahaɗin dannawa da inji: yana da zoben roba a ciki, inji ne ke matse shi. Yana da sauri kuma ana iya yin sa a jiƙaƙƙen bututu, sai dai injin yana da tsada.
- Mahaɗin turawa: ana tura bututu da hannu, haƙoran ƙarfe su riƙe shi, zoben roba ya toshe ruwa.

Duk da waɗannan, ana ci gaba da yin liƙi saboda mahaɗansa sun fi araha, ba su da girma, babu robar da za ta tsufa a cikinsu, kuma kayan aikinsa ba su da yawa. Har yanzu yana cikin darussan farko da ake koya wa masu koyon aikin famfo a makarantun koyon sana'a.

## Duba kuma

- Jan ƙarfe
- Kuza
- Gubar dalma
- Walda
- Aikin famfo
- Ruwan sha